Sharhi: Cinikin Magungunan Ƙarin Kuzari Daga Gida

A biranen Legas da Abuja da Fatakwal, tallar magungunan ƙarin kuzari daga gida ta daɗe da zama sana'ar iyaye mata, tsadar rayuwar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa ta ƙara mata farin jini. Dalili a fili yake: babu kuɗin hayar shago, kuma uwa na iya ciniki tana kallon 'ya'yanta.

Sai dai tsarin da yawancin kamfanonin ke bi ya cancanci a dube shi da idon basira. Dillaliya takan biya kuɗin rajista, sa'an nan ta riƙa sarin kaya kowane wata don kada ta rasa matsayinta. Ribar kirki ba daga masu saye take fitowa ba, daga kamashon sababbin dillalan da ta jawo ne, su ma su jawo wasu. Idan 'yan'uwa da maƙwabta suka ƙare, kwalabe su taru a ɗaki, sai a koma shayar da yaran gida abin da aka saro da kuɗin adashi ko na cefane. Watau dillaliyar ita ce ainihin mai sayen.

Ba a Nijeriya kaɗai ake wannan kuka ba. A shekarar 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta cimma yarjejeniya da kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200, ya kuma sauya tsarin ladansa ta yadda zai dogara ga cinikin da aka yi da masu saye na haƙiƙa.

Ta fuskar lafiya, lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, izni ne na sayarwa, ba shaida ba ce cewa kwalba na warkar da ciwon sukari ko hawan jini, kamar yadda akan faɗa a tarukan talla. Yaron da ke samun wake da ƙwai da kifi da zogale da manja ba safai yake bukatar ƙwaya mai tsada ba, sai in likita ya umarta.

Haramta sana'ar zai cuci masu cin halaliyarsu. Abin da ya fi dacewa shi ne Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta tilasta wa kowane kamfani bayyana abin da talakan dillali ke samu a shekara bayan cire ɗawainiya, ya kuma karɓi kayan da suka yi kwantai ya mayar da kuɗi.