Ramin da ke bakin Vridi da karatun yaranmu

Makon jiya na tambayi 'yan ajina a Adjamé: me ke ƙarƙashin ruwan da jiragen shinkafa ke bi su shigo Abijan? Wani ya ce yashi, wata ta ce aljanu. Aka yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Yawancin iyayensu da tashar jiragen ruwan nan suke cin abinci: direbobin manyan motoci masu zuwa Mali da Burkina da Nijar, 'yan dako, 'yan kasuwar Treichville.

Ƙasan teku ba shimfiɗe yake kamar faranti ba, akwai tudu, akwai gangare. Dab da bakin mashigin Vridi akwai wani kwazazzabo a cikin ruwa wanda Faransawa suka raɗa wa suna Trou sans fond, wato rami marar ƙarshe. A farkon ƙarni na 20 an haƙa mashigi a Port-Bouët, yashi ya toshe shi. Shi ya sa mashigin Vridi, da aka buɗe a 1950, aka kai bakinsa kusa da ramin, don ruwa ya riƙa tura yashin can ciki. A 1951 aka ƙaddamar da tashar. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Aikin kuwa bai ƙare ba. A 2019 aka kammala faɗaɗa mashigin da ƙara masa zurfi saboda manyan jirage, kuma yashi ba ya zama wuri ɗaya, dole a riƙa sake awo. Awon nan lissafin aji ne: na'ura ta aika sauti ƙasa, a jira amsa-kuwwa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku. In ya je ya dawo a daƙiƙa 2, zurfin mita 1,500 ke nan.

To, me ya hana ɗanmu ya zama mai wannan awo? Cibiyar binciken teku ta CRO a nan Treichville take, makarantar aikin teku ta ARSTM tana Yopougon. Amma mu, da yaro ya tasa sai a ce ya bar boko ya zo ya riƙe shago.

Iyayena, ban raina kasuwa ba, da ita aka biya mini karatu. Roƙona kawai, yaron da Allah Ya ba shi kan lissafi a bar shi ya ƙarasa. Mu malamai kuma mu kawo taswirar ƙasan tekun nan cikin aji, su gan ta da idonsu.