Hawa ko sauka, amma a wurin wa?

Ƙaramin allo mai ɗigo 800 a kwance da 480 a tsaye, irin wanda ake dasawa a jikin injuna, ba ya karɓar hoto gaba ɗaya. Ɗigo bayan ɗigo ake aika masa, kuma akwai waya guda da ke riƙe da lokaci, wato agogon ɗigo, wanda wutarsa ke hawa tana sauka kusan sau miliyan 33 a daƙiƙa. A kowane bugu akwai gaɓa biyu, hawa da sauka. A ɗaya kwamfutar na'urar take ɗora launin ɗigo a kan wayoyi, a ɗayar kuma allo yake karantawa. Tazarar da ke tsakani, kimanin nanosakan 15, ita ce damar da wutar ke samu ta natsu.

A tsarin Linux, inda ake bayyana kayan na'ura, an tanadi saiti mai suna pixelclk-active, ƙimarsa 0 ko 1. A ganina sunan nan kansa tarko ne. An aro shi daga siginonin da ke da lokacin aiki da lokacin hutu, alhali agogo ba ya hutawa, kuma ba matsayin wutarsa ake dubawa ba, sauyinta ake dubawa. Ma'anar da aka rubuta ita ce: 1 na nufin kwamfuta ta aika a hawa, allo ya karanta a sauka. Amma takardar bayanin allo da bakin allo take magana. In ta ce "a sauka", karatu take nufi. Sai injiniya ya ga kalmar sauka, zuciyarsa ta kai shi ga 0, ya rubuta akasin abin da ake bukata.

Da ma a ce allon ya mutu nan take, da an huta. Ba ya mutuwa. Yana karanta launi daidai lokacin da launin ke sauyawa, kuma sau da yawa yakan dace. A teburin gwaji komai lafiya lau. Sai an tsawaita waya, ko zafi ya ƙaru, sannan ɗigo masu ƙyalli su fara tsalle a gefen haruffa, a ɗora wa allo laifin da ba nasa ba.

Wasu za su ce ai a gwada 0 da 1, a bar wanda ya yi. Wannan dabarar ce ke ɓoye kuskure: in manhajar da ke sarrafa allo ta juya ma'anar, na'urori sukan dogara da juyin, gyara shi daga baya kuwa ya lalata musu hoto. A 2019 masu kula da sashen hoto na Linux suka fayyace tutocinsu na ciki, kowace ta ambaci gaɓar da kuma aikin, aikawa ko karantawa. Haka ya kamata takardun masu ƙera allo su riƙa rubutawa, haka kuma duk mai saka 0 ko 1 ya bar layi guda na bayani a gefensa.