Ina kuɗin lakwal ke tafiya?

Ƴan uwa, an koma lakwal, ga shi an sake ƙara ma ƙanwata jaka 15 a wata makarantar kuɗi nan Maradi. Ban da kuɗin rajista, ban da kayan makaranta da suka hana a ɗinka waje. Na tambayi direkta, ya ce komi ya yi tsada. Gaskiya ne, buhun shinkafa ma shaida ne. To amma malaminsu na lissafi har yau da awa ake biyan shi, watannin hutu ko dala bai gani, mai makarantar kuwa sai ɗora bene yake.

Ni ban ce kar su ci riba ba. Amma ƙungiyar iyayen yara ta nemi a baje mata lissafi kafin mu biya kashi na biyu.