Dodon da Aka Auna da Mudu

Wani malami ya rubuta cewa wajibi ne ga mai jagorancin wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ya auna ƙarfin kowane dodo daidai da na 'yan wasa, don kada a zalunce su; hujjarsa kuwa ita ce tun bugun shekarar 2000 aka ba kowane dodo lamba mai nuna haɗarinsa.

To, malam, lambar nan me ta sani? Ta san mayaƙa sun kwana da rauni, ko guzurinsu ya ƙare, ko ɗan lido mai fuska 20 zai yi ta faɗuwa a kan ɗaya? Ƙiyasi ne aka yi bisa mutum huɗu lafiyayyu, kai kuwa ka mai da shi nassi.

Sa'an nan, in ɗan wasa ya tabbata babu abin da zai fi ƙarfinsa, ina amfanin hikima? Tsofaffin Bakura da Maradun da Talata Mafara, da ke yi wa jikoki tatsuniya bayan lisha, ba su taɓa rage wa Dodo tsawo don ya yi daidai da yarinyar da ta je rafi ɗibar ruwa ba. Fin ƙarfin nan ne ke tilasta mata waƙa da lallashi da gudu.

Abin da adalci ya ɗora wa jagora shi ne gargaɗi: a ga ƙasusuwa a bakin kogo, a ji mutanen ƙauye sun ƙaurace wa hanyar. Wanda ya ga wannan duka ya kutsa, wa ya zalunce shi?