Idan An Sauya wa Foldar .git Mazauni, Ɓoye Ta Ba Ya Kare Ta

Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a watan Afrilun 2005 domin kula da sauye-sauyen Linux, tana adana tarihin kowane aiki a folda guda mai suna `.git`. A nan ne duk wani sauyi da aka taɓa ajiyewa yake, tare da rassa da saituna. Foldar tana zaune a tsakiyar fayilolin aiki, amma Git ba ta lissafa ta cikin abubuwan da za a ajiye. Masu rubuta manhaja da dama sun ɗauka cewa Git ta san rumbunta ne. Gaskiyar ita ce sunan kawai take dubawa: abin da aka kira `.git` sai ta tsallake shi, abin da aka kira da wani suna kuwa fayil ne kamar kowane.

Tun fitowar Git 1.7.5 a 2011 ana iya kafa rumbun a wani wuri da `--separate-git-dir`. Sai a bar ɗan fayil mai suna `.git`, mai layi ɗaya da ya fara da `gitdir:`, yana nuna inda rumbun ya koma. Muddin sabon mazaunin yana wajen foldar aiki, babu damuwa. Matsalar tana tasowa ne idan aka bar shi a ciki da sabon suna, misali `.tarihi`. Nan take `git status` za ta nuna shi a matsayin baƙo, `git add .` kuma ta kwashe rumbun ta zuba cikin kansa. Idan aka tura wa abokan aiki, har da fayil ɗin `config` za su samu, wanda wasu kan bar kalmar sirri a cikin adireshin da ke cikinsa.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne a rubuta sunan foldar a `.gitignore`. Wannan shawara tana da rauni biyu, kuma na biyun ya fi muni.

Na farko, `.gitignore` na kowa ne, ana rarraba shi ga duk wanda ya kwafi aikin. Inda mutum ya ajiye rumbunsa kuwa sha'anin kwamfutarsa ne shi kaɗai. Wurin da ya dace da irin wannan shi ne `info/exclude` da ke cikin rumbun, wanda ba ya bin aikin zuwa ko'ina.

Sai dai ko a can aka rubuta, an gudu ne ba a tsira ba. A wurin Git, abin da aka ce ta yi watsi da shi abu ne marar daraja, irin tarkacen da ake iya sake samarwa a kowane lokaci. Shi ya sa `git clean -fdx` take share har da fayilolin da aka ɓoye, `-X` babba kuma su kaɗai take nema. Git takan ƙi goge foldar da ta ga `.git` a cikinta sai an maimaita `-f`, amma rumbun da aka sauya wa suna ba shi da wannan alama. Umarni ɗaya na share tarkace, wanda wasu ke bugawa kullum ba tare da tunani ba, ya isa ya tafi da duk reshen da ba a tura wani wuri ba. Kuma `git reflog`, da aka saba komawa gare ta idan an yi ɓarna, bayananta ma a cikin foldar da aka goge suke.

Akwai masu cewa laifin na Git ne: tunda ta san inda rumbunta yake, me zai hana ta kare shi ko da wane suna? Hujja ce mai ƙarfi, kuma gyara ne da ya cancanci a yi. Amma dubi yadda Git ɗin take yi wa kanta. Rumbunan ƙananan ayyukan da ake haɗawa da `git submodule` tana kai su `.git/modules`, bayanan `git worktree`, da ta zo a 2015, suna `.git/worktrees`. Duka a ƙarƙashin sunan da take karewa ta sa su, ba ta bar ko ɗaya cikin fayilolin aiki ba.

Wanda ke da dalilin raba rumbu da aikinsa, to ya fitar da shi waje gaba ɗaya, ya ba `--separate-git-dir` hanyar da ba ta ƙarƙashin foldar aiki. Idan hakan ya gagara, sai ya rubuta sunan a `info/exclude`, ya kuma saba gwada `git clean -ndx` tukuna, domin `-n` tana jera abin da za a goge ba tare da ta taɓa komai ba.