Ki Yi Wa Banki Sallama Kafin Ki Kama Hanya

Daga wata malamar makaranta, Badariya, Birnin Kebbi

A nan Badariya, da ma duk ƙasar Kabi, idan mace za ta yi doguwar tafiya ba ta tashi haka nan kawai. Sai ta yafa mayafinta ta bi gida-gida, ta je wajen surukai, ta leƙa maƙwabta, ta nemi gafarar wadda suka taɓa saɓawa, ta gaya wa uwar adashi wanda zai riƙa kai mata zubi, har awakinta sai ta san hannun da ta bar su. Wannan al'ada ce mai kyau ƙwarai. To, amma akwai wani gida guda da zamani ya ƙara cikin gidajen da ake yi wa sallama, yawancinmu kuwa ba mu farga ba tukuna. Gidan nan shi ne banki.

Abin da ya sami gwaggona shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sana'arta sayen shanshera, ta turara, ta kai inji, ta sayar. Shekara shida tana tari kafin Allah Ya nufe ta da zuwa Umara a ƙarshen shekarar 2025. Da za ta tashi, ɗanta ya ce mata kada ta wahalar da kanta da ƙunshin kuɗi a lalita, ai yanzu katin banki yana ci a ƙasar waje. Ta canji 'yan riyal kaɗan na shan ruwa, sauran dukiyar duk ta bar ta a asusu, ta ɗaure kati a bakin zane. Ta sallami kowa da kowa, har mai kawo mata itace, amma ba wanda ya tuna mata da banki.

Ranar da ta kwana uku a Madina ta shiga kanti sayen dabino da dardumai na tsaraba. Mai kanti ya sa kati, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Aka nuna mata na'urar cirar kuɗi, ta je. Ga rubutu Larabci da Turanci, ga mutane a bayanta suna jira, ta ruɗe, ta danna lambar sirri ba daidai ba har sau uku. Shi ke nan, kati ya kulle ɗungum. Duk saƙonnin da bankin ya yi ta aikowa kuwa ba ta ga ko ɗaya ba, don da lambar wayar ɗanta aka buɗe asusun, shi kuma yana can kudu wajen bautar ƙasa, layin ma yana ajiye cikin akwati a gida.

Kwana tara ta yi a haka. Ga mura da tari sun kama ta, kuɗin magani ma sai da wata baiwar Allah 'yar Argungu da suke ɗaki ɗaya ta ranta mata riyal 200. Ba na mantawa da abin da ta ce mini a waya, muryarta tana rawa: "Ɗiyata, kuɗɗina na nan, gumina ne, amma ga ni ina cin bashi a garin Manzo." Washegari na roƙi izini a makaranta na tafi bankin, na bi layi. Aka ce mini cikin ladabi sai mai asusu da kanta. Na yi fushi a ranar, amma da na huce na ga gaskiyarsu. In da kowace mace za ta shiga ta ce ita 'yar wance ce a buɗe mata kati, da ba wadda za ta kwana da sisi.

Watau ni ban zo in zagi banki ba. Mu duba yadda abin yake. Banki yana da kwamfuta wadda ba ta barci, tana lura da halin kowane kati: inda aka saba amfani da shi, da lokacin, da yawan abin da aka saba cira. Katin gwaggo bai taɓa wuce wajen mai POS na bakin kasuwa ba. Kwatsam ran nan sai ga shi a wata ƙasa yana neman biyan kuɗi masu kauri. Me kwamfuta za ta zata in ba sata ba? Idan maƙwabciyarki ta ga akuyarki a kasuwar Kamba a hannun baƙo, ai abin da ya kamata ta yi shi ne ta riƙe igiya ta aiko a tambaye ki. In kuwa ke kika aika a sayar ba ki gaya wa kowa ba, to, kada ki ga laifinta. An ce wasu manyan bankunan Amurka sun daina neman a sanar da su tafiya, suna aika tambaya ta waya nan take mai kati ya amsa. Wannan sai ga wanda wayarsa take hannunsa, lambarsa ce kuma a littafin banki. Mu nan ga inda gizo yake saƙa.

Har ila yau, ba tsoron ɓarayi kaɗai ke hana kati ci ba. Dokokin kuɗin ƙasar nan ba su zama wuri ɗaya. A shekarar 2022, da dala ta yi wuya, bankuna da yawa suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai a watan Yuli na 2025 wasu suka fara buɗewa, kowane banki da iyakar da ya yanka. Haka kuma a watan Fabrairu na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su daina ba matafiya guzuri a hannu, sai ta kati ko wata hanya irin ta na'ura. Da aikin Hajjin 2025 ya gabato aka yi ta kuka, Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta roƙa, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki, sannan aka yarda a ba alhazan shekarar guzurinsu tsaba. Kun ga ke nan abin da ya yi wa Hajiya wance aiki bara ba lalle ne ya yi miki bana ba. Labarin da aka ji a gidan biki ba shi ne doka ba.

Mu kuwa mutanen Kabi ba baƙin tafiya ba ne. A watan Mayu na 2024 jirgin farko na alhazan Nijeriya duka daga filin jirginmu na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ya tashi. Ga masu zuwa Gaya da Doso da Yamai ta Kamba, biki ko gaisuwa ko fatauci. Da zarar an ƙetare iyaka an shiga ƙasar sefa, a wajen banki ke baƙuwa ce, ko da kuwa gidan kakarki kika je.

To, yaya ake sallamar? Ba wani abu mai wuya ba ne. Ki je tun da sauran mako biyu ko uku, kada ki bari sai jajibirin tashi, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki wuce wajen masu karɓa da biya, ki nemi teburin da ake sauraron koken jama'a. Ki ce, zan tafi ƙasa kaza ran kaza, zan dawo ran kaza, katin nan nawa zai ci a can? Wannan tambaya ita ce uwa, domin ba duk kati ne matafiyi ba. Wanda aka rubuta wa Visa ko Mastercard shi ne aka sani a ƙasashen duniya, shi ma sau da yawa sai an buɗe masa hanya, a banki ko ta manhajar waya. Irin su AfriGo, wanda aka fito da shi a 2023, an yi shi ne musamman don harkar cikin gida. Ki tambayi iyakar abin da za ki iya kashewa, da ladan da za su cira a kowane ciri. Za su faɗa miki da dala, sai ki juya da kanki: dala ɗaya riyal uku ne da kashi uku cikin huɗu, watau dala 100 riyal 375 ke nan. Yarinya 'yar aji biyar ma za ta yi miki wannan lissafi. Ki duba watan da aka buga a fuskar kati, kada ya mutu kina can. Ki sa a rubuta miki lambar wayar bankin a takarda, ki ajiye tare da fasfo. Bayan duk wannan kuma ki riƙe tsabar kuɗi da za su ishe ki ci da magani na 'yan kwanaki, dabam da inda kika sa kati.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zancen lambar waya. Ku tuna yadda iyayenmu da yawa suka shiga harkar banki. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace aka rasa na cefane, mata suka yi ta buɗe asusu cikin gaggawa. Wadda ba ta da waya aka sa lambar miji, wata ta ɗa, wata ta ƙanin miji. Suna nata, lambar BVN tata, gumi nata, amma kunnen asusun yana aljihun wani. Kuɗi ya shiga ba ta sani ba, ya fita ba ta sani ba, banki ya yi kira ba ita ke amsawa ba. Muddin ana zaune gida ɗaya abin ba ya nuna illarsa. Ranar da hanya ta raba, ran nan ake ganewa. Ga kuma wani haɗarin, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani, sai saƙon kuɗinki ya riƙa sauka a wayar wanda ba ki taɓa gani ba.

Na san wata za ta ce, Malama, maigida ba ya son in riƙa shiga banki cikin maza, kuma ai shi ke kula da komai. Ban ce ki yi wa mijinki tsaye ba, Allah Ya kiyaye. Cewa na yi ki roƙe shi ya kai ki da kansa, sau ɗaya tak, a sa lambarki, a nuna miki yadda ake dannawa. Mazajenmu kuma, in an karanta muku wannan shafi, ku yi wa Allah ku duba. Kai da ka yarda matarka ta hau jirgi ta ƙetare teku, awa ɗaya a banki ba za ta gagare ka ba. Ranar da kati ya kulle a can, kai ma ba za a saurare ka a nan ba, kamar yadda ba a saurare ni ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙannena, da ku nake. Na sha ganin yarinya ta iya duk wani lungu na waya, ta san Facebook ciki da bai, amma uwarta ba ta san lambar sirrin katinta ba, yarinyar ce ke riƙe da ita a ka. Kina ganin taimako kike yi, alhali kin mai da ita makauniya ke ce 'yar jagora. Ki zaunar da ita da dare bayan an ci tuwo, ki zana mata maɓallan na'ura a takarda, ta yi ta dannawa da yatsa har hannunta ya saba. Matar da ke riƙe lissafin adashin mutum ashirin a kanta, lamba huɗu ba za ta fi ƙarfinta ba. Ki kai ta na'ura ta cira da kanta sau biyu sau uku kafin ranar tafiya. Ki gaya mata in ta kuskure sau biyu ta tsaya, ta zare katinta, kada ta yi na uku.

Sai dai a kula, sallamar nan ke za ki kai, ba a zuwa karɓarta. Lokacin tashin alhazai macuta suna sane da cewa hankalin mutane a tashe yake. Za a bugo miki da murya mai daɗi, a kira sunanki daidai, a ce daga banki ne, katinki zai kulle in ba ki karanto lambobin jikinsa ba, ko lambar da aka turo miki yanzu. Ki kashe wayarki. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ko a waya ko ido da ido.

Su ma bankunan akwai nasu. Saƙonsu duk da Turanci yake zuwa, Turancin ma na gajerce-gajerce wanda ni da nake koyarwa sai na karanta sau biyu. Me zai hana idan lokacin Hajji da Umarar azumi ya zo, su sa ma'aikaciya mace mai jin Hausa a teburi na musamman, ko su je wajen bitar maniyyata su yi bayani? Malaman bita suna koya wa iyayenmu yadda ake ɗawafi da jifa, a ba mai bayanin kati minti goma ba zai rage komai ba.

Gwaggo dai ta dawo lafiya, da dabino ɗan kaɗan, ba dardumai. Kwana biyu da saukarta, tun ƙafarta ba ta sabe ba, ta ce in raka ta banki. Aka cike takarda, aka cire lambar ɗanta aka sa tata, aka ba ta sabon kati, ta zaɓi lambar sirri ta ƙi gaya mini. Daga nan muka wuce tasha muka shiga motar Argungu, don ta ce riyal 200 ɗin nan ba za ta aika ta waya ba, da hannunta za ta kai, da kwano biyu na shinkafa.