Ledar Jini Ba Ita Ce Ƙarshen Labari Ba

Mu marubuta mun saba: jaruma na kwance a ɗakin tiyata, jini ya ƙare mata, sai masoyi ya naɗe hannun riga ya ba da nasa, shafi na gaba kuma biki. To mai karatu, a asibiti ba a nan babin ke rufewa ba.

Akwai larurar da likitoci ke kira TRALI. Cikin awa 6 da ƙarin jini sai ruwa ya taru a huhu, numfashi ya sarƙe, wani lokaci har da zazzaɓi. Ba wai rukunin jinin ne bai dace ba. Galibi sinadaran garkuwar jikin mai bayarwa ne ke tunzura fararen ƙwayoyin jinin majiyyaci. An fi samun su a jikin matan da suka sha haihuwa, shi ya sa a 2003 Ingila ta karkata ga ɗibar ruwan jini daga maza.

Abin yi shi ne a tsayar da jinin nan take, a sa iskar oksijin, in abin ya tsananta a ɗora na'urar numfashi. Yawanci cikin kwana 2 zuwa 4 huhun ke washewa.

A ganina, dattijuwar da ta taso daga Hubbare zuwa Asibitin Koyarwa na Ɗanfodiyo jinyar 'yarta ta cancanci ta tsinci wannan a littattafanmu. Bayan an fito daga tiyata ita ke kwana bakin gado. In ta ga yarinya na haki, nas za ta kira da gudu, ba ta zauna tana lissafin ko jinin dangin kishiya aka saka mata ba.